Smirnoff

Smirnoff barasa ce irin wadda ake kira bodka, fara tas kamar ruwa. Sunan na Rasha ne amma yanzu kamfanin Diageo na Birtaniya ne ke da ita.

Tarihi

Wanda ya kafa ta shi ne Pyotr Smirnov, ɗan talakawan ƙauye da aka haifa a 1831. Ya buɗe masana'antarsa a Mosko wajajen 1864, kasuwa ta buɗe masa sosai har a 1886 ya zama mai kai wa fadar Sarkin Rasha kaya, ya rasu a 1898. Bayan juyin juya halin 1917 komai ya wargaje, ɗansa Vladimir ya tsere ya bi ta Istanbul da birnin Lwów (Lviv na Ukraine a yau) har ya dire Faransa, a wannan gudun hijirar ne ma aka koma rubuta sunan da "ff" a ƙarshe. Abin bai yi masa daɗi ba a can, sai a 1933 ya sayar wa Rudolph Kunett izinin yin ta a Amurka, shi kuma ya kafa 'yar masana'anta a garin Bethel na jihar Connecticut, amma ina, Amurkawa wuski suka sani, ba mai saye. A 1939 John Martin na kamfanin Heublein ya karɓe ta kan dala 14,000 kacal.

Talla

Nan ne ainihin labarin yake. Da farko an tallata ta a matsayin farin wuski mara ɗanɗano mara wari, daga baya tallan ya riƙa nuni a fakaice cewa ba a jin warinta a bakin wanda ya sha. Sai kuma haɗin Moscow Mule da ya ɓullo wajen 1941, bodka da lemon citta da lemon tsami a cikin kofin jan ƙarfe. Ana cewa Martin ya riƙa bin mashaya yana ɗaukar hoton masu sayarwa riƙe da kofin, ya bar musu hoto ɗaya ya tafi da ɗaya ya nuna a mashaya ta gaba. Wa ya fara haɗin, har yau ana musu.

Yadda ake yin ta

Daga hatsi, a Amurka masara. Kamfanin ya ce sau 3 ake turara ta sannan a tace da gawayi sau 10. Ƙarfinta kashi 37.5 zuwa 40 cikin ɗari a kwalbar da aka fi sani, mai lamba 21.

Taƙaddama

A shekarun 1990 wani daga zuriyar Smirnov ya yi shari'a da kamfanin a Rasha kan sunan. A 2022 kuma da aka fara ƙaurace wa kayan Rasha saboda yaƙin Ukraine, sai da kamfanin ya fito ya bayyana cewa a jihar Illinois ake yin wadda Amurkawa ke saye.