Keke da Dandamali: Amsoshin Tambayoyin da Aka Sha Yi Mini

Wanda ya san ni a Zariya ya san ni da keke, ya kuma san in aka ce yau akwai wasan kwaikwayo a Samaru, to ina can. Mutane sun sha tare ni da tambayoyi kan waɗannan abubuwa biyu, shi ya sa na ga ya dace in amsa su wuri guda.

Me ya haɗa hawan keke da kallon wasan kwaikwayo?

Jiki ne ya haɗa su. Dukansu biyu ba a aiken wani ya yi maka, sai ka je da ƙafarka. In na taso daga Sabon Gari bayan la'asar na ɗauki hanyar Samaru, kafin in isa na yi gumi, damuwar yini ta sauka, kaina ya yi sakayau. A haka nake zama kallo, kuma na lura wasa ya fi shiga raina fiye da ranar da na zo a matse cikin motar haya.

Ga fina-finai cike da waya, me zai kai mutum dandamali?

Ka taɓa shiga Drama Village, dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru? An gina shi a tsakiyar shekarun 1970, kuma wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, ya tsara shi bisa fasalin gidan Bahaushe: ginin ƙasa, ɗakuna zagayayyu, fili a tsakiya, sama a buɗe. Ɗan wasa na iya fitowa ta bayanka. Kana jin numfashinsa, kana ganin ƙurar da ƙafarsa ta tayar. Akwai daren da wata ɗaliba ta fito a matsayin uwar da ɗanta ya tafi ci-rani bai dawo ba. Ta zauna a kan tabarma tana ninke rigarsa, ta warware, ta sake ninkewa, ba ta ce uffan ba. Wurin ya yi tsit har kukan gyare ake ji. Wani dattijo kusa da ni ya ce a hankali, "Allah Ya dawo miki da shi, 'yata." Ta ji shi, na ga kafaɗarta ta motsa. Wannan ba ya faruwa tsakaninka da waya, domin waya ba ta san kana nan ba.

Amma ai wasan dandamali al'adar Turawa ce, ko?

A'a. Rubutaccen wasa da labule da tikiti, e, ta hanyar makarantun boko suka shigo. Amma kwaikwayo a gaban jama'a namu ne tun kaka da kakanni. Tashe fa? Da zarar azumi ya kai kwana goma, yara sun fito da gemun auduga da tsummokara suna Tsoho da Gemu, 'yan mata suna Mairama da Daudu, suna nuna wa matan gida yadda zaman aure yake. A Kano ga Nalako, sarkin gwauraye. Abin da malaman jami'ar ta Samaru suka yi daga baya shi ne mayar da wasa inda ya fito: suka riƙa kai ɗalibai ƙauyuka irin su Bomo, a zauna da manoma a ji matsalar taki ko ta ruwan sha, a shirya wasa a kai, a yi shi a dandalin gari, mutanen gari su tsoma baki su gyara. A Nijar ma, wasannin ƙungiyoyin samariya da na 'yan wasa irin su Yazi Dogo sun tara jama'a sosai da Hausa tsantsa.

Ba ka jin nauyi, kana magidanci, a gan ka a kan keke?

Ko kaɗan. Iyayenmu sun yi tinƙaho da Raleigh, har masana'antarta aka yi a Kano. Malamin makaranta ya goge kekensa fes, ya ɗaure littattafai a kariya, ya ɗaga ƙafar wando, kowa na gaishe shi. Mu ne muka zo muka mayar da keke alamar babu, kuma abin yana ba ni takaici. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 na ga mutane da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Zuwa aiki da dawowa kaɗai ya biya maka wannan. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018.

To dawowa da dare fa, ba haɗari?

Akwai haɗari, ba zan ɓoye ba. Hanyar Sakkwato da ke bi ta Samaru tana da manyan motoci, kuma direba da yawa ba ya ɗaukar mai keke a bakin komai. Ka sa fitila gaba da baya, ka sa riga mai haske, ka duba birki kafin ka fito, ka riƙe gefen hanya. Mu kan dawo mu uku ko huɗu a jere, muna tafe muna musu kan wasan da muka gani.

Ina mai sha'awa zai fara?

Ka nemi keke na hannu, ka kai wa mai gyara ya duba kaca da birki da taya, ya nuna maka yadda ake faci. Ka fara da hantsi ko bayan la'asar, tafiyar minti ashirin ta isa a makon farko. Wasa kuwa, ka tambaya a sashen wasan kwaikwayo na jami'a ko kwalejin ilimi mafi kusa da kai, domin ɗalibai kan gabatar da wasanninsu wajen ƙarshen zangon karatu, wasu wuraren kuma sukan yi wani abu ranar 27 ga Maris, ranar wasan kwaikwayo ta duniya. Ka je da wuri ka samu wuri a gaba, kuma ka tafi da makullin keke mai kyau.