Mata da 'yan LGBT na farko a majalisar dokokin Niyu Zilan

Majalisar dokokin Niyu Zilan da ke birnin Wellington tana da suna a tarihi saboda abu biyu, ƙasar ce ta fara bai wa mata damar kaɗa ƙuri'a a zaɓen ƙasa a 1893, kuma nan ne aka fara zaɓar wadda ta sauya jinsi a fili ta zama 'yar majalisa a 1999. To amma duk wanda ya bi labarin a tsanake zai ga cewa doka kan buɗe ƙofa ne kawai, shiga ciki kuwa sai da aka sha jira.

Maganar ta faro ne da Kate Sheppard da abokan gwagwarmayarta, waɗanda suka bi gida gida suna tara sa hannu har suka samu na mata kusan 32,000. Babbar takardar koken an yi ta liƙa shafi a kan shafi ne har tsawonta ya kai wajen mita 270, aka naɗe ta kamar tabarma aka kai majalisa. Ranar 19 ga Satumba 1893 gwamna ya sa wa dokar hannu. Yau hoton Sheppard ne a jikin takardar dala 10 ta ƙasar. In ana son a gane saurin da suka yi sai a tuna cewa matan Arewacin Najeriya sai 1976 suka fara zaɓe, bayan duk ɗaurin da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha.

Sai dai ƙuri'a daban, kujera daban. Ba a yarda mace ta tsaya takara ba sai 1919, lokacin kuwa Finlan ta riga ta zaɓi mata 19 tun 1907, kuma ko bayan an yarda ɗin sai da aka ƙara shekara 14 kafin Elizabeth McCombs ta ci mazaɓar Lyttelton a 1933, a zaɓen cike gurbin mijinta da ya rasu. Ba ta daɗe ba, ta rasu a 1935. Mabel Howard ce mace ta farko da ta zama minista a 1947, 'yar ƙwadago ce mai faɗin gaskiya komai ɗacinta, ita ce a 1954 ta ɗaga wandunan ciki na mata guda biyu a zauren majalisa, lambarsu ɗaya amma girmansu ya sha bamban, don ta nuna wa maza yadda ake cutar mata a kantuna. A 1949 Iriaka Ratana ta zama mace ta farko daga ƙabilar Mawori, 'yan asalin ƙasar, da ta shiga majalisa.

Ɓangaren 'yan LGBT, wato 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo da masu sauya jinsi da makamantansu, ya fi zafi, don su ba doka ce kaɗai a gabansu ba, har da tonon asiri. Marilyn Waring ta shiga majalisa a 1975 tana da shekara 23 kacal a jam'iyyar National, shekara na zagayowa jaridar Truth ta buga labarin alaƙarta da wata mace ba da yardarta ba, wanda ko ta ina aka duba cin zarafi ne. Ba ta sauka ba. Ita ce a 1984 ta ce za ta mara wa ƙudirin 'yan adawa na hana makaman nukiliya baya, firaminista Robert Muldoon ya fusata ya kira zaɓen gaggawa, ya kuma sha kaye. A 1986 ƙudirin Fran Wilde na cire luwaɗi daga jerin laifuka ya wuce da ƙyar, ƙuri'a 49 da 44. Chris Carter da aka zaɓa a 1993 shi ne namiji na farko a majalisar da ya bayyana kansa a fili a matsayin ɗan luwaɗi, daga baya ya zama minista.

Wadda duniya ta fi sani ita ce Georgina Beyer, Bamaworiya da aka haifa a 1957 a matsayin namiji, ta sauya jinsi, ta yi rayuwar gidajen rawa da ta titi, abin da ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ta koma ƙaramin garin Carterton na manoma, mutanen garin suka zaɓe ta magajiyar gari a 1995, sannan a 1999 ta tsaya wa jam'iyyar Leba a mazaɓar Wairarapa, yankin karkara da kowa ya ɗauka na masu ra'ayin riƙau ne, ta kayar da Paul Henry na National da ratar ƙuri'a sama da 3,000. Manoman nan aikinta suka duba, kuma wannan ne ya sa nasarar tata ke da nauyi. A 2003 ta tashi a zaure ta ba da labarin abin da ya same ta a titi lokacin muhawarar dokar masu sana'ar karuwanci, dokar ta wuce da ratar ƙuri'a ɗaya tak. Ta bar majalisa a 2007, ta rasu a Maris 2023 bayan doguwar jinyar ƙoda.

Louisa Wall ce ta kawo ƙudirin auren jinsi da ya wuce a 2013 da ƙuri'a 77 da 44. Mata uku sun riƙe firaminista, Jenny Shipley a 1997, Helen Clark a 1999, Jacinda Ardern a 2017. A Oktoban 2022 da aka rantsar da Soraya Peke-Mason ne mata suka fi maza yawa a zauren karon farko, 60 da 59, shekara 129 bayan takardar koken su Sheppard.