Kasuwancin tabar wiwi a Kanada: me doka ke nema daga mai lasisi?

Tun ranar 17 ga Oktoban 2018 Kanada ta halatta sayar wa manya tabar wiwi. Mai jin labarin daga nesa zai zaci duk wanda ya ga dama sai ya kasa hajarsa a bakin titi. Ina! Da wuya a samu sana'ar da hukuma ta sa wa ido irin wannan.

Wa ke ba da lasisi?

Aikin a rabe yake. Izinin nomawa da sarrafawa daga Ma'aikatar Lafiya ta tarayya yake fitowa, shaguna kuma hurumin larduna ne. A Kwibek gwamnati ce da kanta ke sayarwa ta kamfaninta, SQDC. A Ontariyo 'yan kasuwa ne ke buɗe shago, amma sari sai daga rumbun gwamnatin lardin. Shekarun mai saye ma sun bambanta: 18 a Albata, 21 a Kwibek, 19 a sauran wurare.

Idan lasisi ya zo hannu, shi ke nan?

A nan ma wahalar ke farawa. Sai an binciki tarihin daraktoci da manyan ma'aikatan kamfani kafin a amince da su. Manyan gonaki dole su sa kyamarori da ƙararrawa. Kowane wata kamfani zai kai wa ma'aikatar lissafin abin da ya shuka, da wanda ya girbe, da wanda ya sayar, har da wanda ya lalata, don kada ko kaɗan ya sulale zuwa kasuwar bayan fage. Kafin kaya su fita kuma sai an gwada su a ɗakin gwaje-gwaje, a ga babu ragowar maganin ƙwari ko funfuna.

Talla fa?

Kusan a rufe take. Ba a tallata ta da fitaccen mutum, ba a sa zanen da zai ja hankalin yara. Mazubin ya zama wanda yaro ba zai iya buɗewa ba, da jar alamar THC, wato sinadarin da ke bugarwa, da gargaɗin lafiya cikin rawayan akwati. Alawa ko cakulan da aka haɗa da ita, waɗanda aka halatta a 2019, kada THC ɗinsu ya wuce miligiram 10 a ƙunshi guda.

Haraji nawa ne?

A kan busasshiyar taba, dalar Kanada 1 ce a kowane giram ko kashi 10 cikin 100 na farashi, duk wanda ya fi yawa. Da farashi ya faɗi sai dalar nan ta zame wa manoma ƙarfen ƙafa, domin ita ba ta sauka. Kukansu na da hujja, a ganina, ko da yake ba kowa zai tausaya musu ba.

An taɓa hukunta wani babba?

Ƙwarai. A 2019 aka gano kamfanin CannTrust yana noma a wasu ɗakuna na gonarsa da ke Ontariyo waɗanda ba a ba su izini ba tukuna. Lura fa, kamfanin na da lasisi, ɗakunan ne ba su da shi. Hukumar gudanarwarsa ta kori shugabansa, Ma'aikatar Lafiya ta dakatar da lasisin a watan Satumba, kuma ya lalata kaya na kimanin dalar Kanada miliyan 77. An wanke tsoffin shugabannin daga tuhuma a kotu a 2022, amma kamfanin bai sake komawa yadda yake ba. Sayar wa ƙaramin yaro kuwa na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 14.

Mai lasisi zai iya turo ta Najeriya?

A'a. Fitar da ita daga Kanada laifi ne, sai don magani ko binciken kimiyya, shi ma da izini na musamman. A Najeriya kuma haramun ce a doka. Saboda haka wiwin Kanada da NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, ke yawan kamawa a Legas kayan fasa-ƙwauri ne tun daga can, babu lasisin da zai kare mai shi a ɗaya daga cikin ƙasashen biyu.