Bashin fansho ba shi ne alamar mutuwar gidan waya ba

An daɗe ana ɗauka cewa idan aka ce ana bin hukumar gidan waya ta gwamnati biliyoyin kuɗi na fansho, to kuɗi ne da za a biya gobe, kuma hukumar ta durƙushe ke nan. Wannan fahimta ba daidai ba ce. Adadin da ake ambatawa ƙiyasi ne na abin da za a riƙa biyan ma'aikata a hankali cikin shekaru masu yawa, kuma yana hawa yana sauka gwargwadon kuɗin ruwa da tsawon rayuwar da masana lissafi suka yi hasashe.

Sau da yawa doka ce ke ƙayyade nauyin. A Amurka, dokar 2006 ta tilasta wa hukumar gidan waya ta riƙa ware kusan dala biliyan 5.5 kowace shekara domin kula da lafiyar waɗanda za su yi ritaya nan gaba, kuma wannan ne ya haddasa kaso mai tsoka na asarar da ta riƙa bayyanawa har majalisa ta soke sharaɗin a 2022. A Birtaniya kuwa, gwamnati ta karɓe ɗawainiyar tsohon fanshon Royal Mail, wato gidan wayan ƙasar, a 2012, kafin a sayar da hannun jarinsa a 2013.

Abin da ya fi barazana ga makomar gidan waya shi ne raguwar wasiƙu, alhali wajibi ne ya ci gaba da kai saƙo ko'ina, har ƙauyukan da babu riba a cikinsu. Ɗora laifin a kan tsofaffin ma'aikata, waɗanda fanshonsu haƙƙi ne da suka yi wa aiki, rashin adalci ne.