Waiwaye: Yanke Ƙauna da Rahamar Allah, Daga Zi Ɗuwa Zuwa Basra

Duk Bahaushen da ya zauna Makka ya san Jarwal, amma ba kowa ke lura da tsohuwar rijiyar Ɗuwa da ke unguwar ba. A kwarin da rijiyar take, wato Zi Ɗuwa, aka yi ɗaya daga cikin tsofaffin labaran yanke ƙauna a Musulunci.

Lokacin hijira, Sayyidina Umar ya yi alkawari da Ayyash ɗan Abi Rabi'a da Hisham ɗan Asi za su fita tare. Aka tsare Hisham a Makka, aka matsa masa har ya karaya, ya juya daga addini. Musulmi suka riƙa cewa wanda ya san Allah sannan ya juya ba shi da tuba, su ma waɗanda aka tsare haka suke faɗa wa kansu. Sai aya ta 53 ta Suratuz Zumar ta sauka, tana hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna ɗebe tsammani daga rahamar Allah. Umar ya rubuta ta da hannunsa ya aika wa Hisham. Hisham ya yi ta kaiwa da komowa da takardar a Zi Ɗuwa, yana karantawa bai gane ba. Baƙuraishe fa, mai Larabci! A ganina, abin da ya yi masa nauyi shi ne yarda cewa da shi ake. Sai da ya roƙi Allah Ya fahimtar da shi, sannan ya hau raƙuminsa, sai Madina.

Bayan yaƙin Siffin, shekara ta 37 Hijiriyya, maganar makomar mai zunubi ta zama rikicin aƙida. Hawarijawa suka kafirta mai babban zunubi, masu wuce gona da iri cikin Murji'awa kuma suka ce zunubi ba ya cutarwa muddin akwai imani. A Basra, Wasil ɗan Aɗa'u ya tashi daga majalisin Hasanul Basri, ya ce mai babban zunubi yana tsakani: ba mumini ba, ba kafiri ba. Ahlus Sunna suka tsaya kan aya ta 48 ta Suratun Nisa'i: ban da shirka, saura na ƙarƙashin ganin damar Allah.

Amma a zaurukan karatun mutanenmu a Shari'ul Mansur da ke Makka, har yau ba kasafai ake tambayar malam sunayen waɗannan ƙungiyoyi ba. Tambayar Hisham ce ke dawowa, cikin ƙasa da murya, bayan an watse: mutum ya shekara ashirin yana hango hasumiyoyin Harami, salla na kufce masa, shin shi ma za a dube shi kuwa?