Sunan Littafi Ya Zo Ɗaya Da Na Wani: Da Gaske Akwai Ɗaurin Shekara 5?

Wata ƙanwata da ke rubuta labari a WhatsApp ta kira ni da daddare, muryarta na rawa. Ta kai shafi na 40 a littafinta, sai ga saƙo daga wata marubuciya wai sunan littafin nata ne tun shekaru uku da suka wuce, in ba ta goge ba za ta kai ta kotu, kuma sabuwar doka ta ce ɗaurin shekara 5 ne. "Yaya, in goge ne?" Na ce ta turo min littattafan biyu. Na duba, ban ga abin da ya haɗa su ba sai kalmomi biyun da ke sama. Ɗaya labarin kishi ne, ɗaya labarin marainiya.

Wannan barazana ta yi yawa a zaurukan marubuta, har ta fara shiga tsakanin mawaƙa da masu shirya fim, shi ya sa na ga ya kamata a warware ta.

Dokar da ake nufi ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Tana kare rubutu, waƙa, zane, fim, sautin da aka naɗa da shirye-shiryen rediyo da talabijin. Sharaɗinta shi ne mutum ya yi wani ƙoƙari da ya sa aikin ya zama nasa na kansa, kuma ya ajiye shi a wani abu, takarda ce ko waya. Ba sai an yi rajista ba, da ka rubuta haƙƙinka ya tabbata. Na littafi da waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi.

To, ina matsayin suna? Kalma biyu ko uku ba su kai a kira su aikin adabi ba. An daɗe da tsayar da wannan a tsarin shari'ar Ingila, wanda kotunanmu suka gada. A 1939 Majalisar Shari'a ta Sarkin Ingila ta yanke hukunci a ƙarar da kamfanin Francis, Day & Hunter ya shigar da kamfanin fim na Twentieth Century Fox. Masu ƙara suna da haƙƙin wata tsohuwar waƙa mai suna "The Man Who Broke the Bank at Monte Carlo", sai aka fito da fim a 1935 da wannan sunan sak. Fim ɗin bai ɗauki baitin waƙar ko kiɗanta ba. Alƙalai suka ce ɗaukar suna kawai ba keta haƙƙi ba ne. Ku lura, sunan nan doguwar jimla ce, amma bai tsira ba. Ina ga wanda ya ce shi ke da kalmar ƙaddara, ko amana, ko haƙuri? Da haka doka take, da marubutan Hausa sun cinye kalmomin harshen tun zamanin da ake jibge littattafai a kasuwar Sabon Gari.

Shi kuwa ɗaurin shekara 5 gaskiya ne yana cikin dokar, sai dai an ɗauko hular wani an ɗora wa wani. Sashe na 44 yana magana ne a kan mai buga kwafin aikin wani don sayarwa ba da izini ba, ko mai shigo da irin waɗannan kwafe ƙasar, ko mai ajiye na'urar buga su. Hukuncinsa tara ce da ba ta gaza naira 10,000 a kan kowane kwafi ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko duka biyun. Kalmar da za a riƙe a nan ita ce kwafi. Yarinyar da ta zauna ta ƙago labarinta daga farko har ƙarshe, kwafin me ta yi?

Abin da ke ba ni haushi shi ne, laifin na gaske muna kallonsa kullum ba mai ɗaga murya. Wanda ya ɗauki littafin wata ya canza suna ya canza sunayen taurari ya mayar da shi fim, ya keta doka ko da sunan bai yi kama ba ko kaɗan. Haka mai karanta littafin mutane a YouTube yana karɓar kuɗin talla ba da sanin marubuciya ba, haka mai tura littafin kuɗi zaure-zaure. Nan ne Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya da Babbar Kotun Tarayya suke da ta cewa.

Amma kada wani ya ji wannan ya ɗauka suna ba shi da kariya sam. Idan aiki ya yi fice har jama'a da sun ji sunan sai su tuna mai shi, wani kuma ya ɗauki sunan, ya kwaikwayi bango ko fasta don masu saye su zaci na wancan ne, ana iya kai shi ƙara a kan yaudarar masu saye. Sunan ƙungiyar mawaƙa, ko na kamfani, ko na shiri mai dogon zango kuma ana iya yi masa rajistar alamar kasuwanci a Abuja, ta shekara 7 da farko, sannan a riƙa sabuntawa. A Amurka manyan kamfanonin fim suna da nasu tsarin rajistar suna a tsakaninsu. Da shi Warner Bros. ya tilasta aka canza sunan wani fim na 2013 daga "The Butler" zuwa "Lee Daniels' The Butler", saboda yana da wani gajeren fim na 1916 mai suna "The Butler". Wannan yarjejeniyar 'yan kasuwa ce, wanda bai sa hannu ba ba ta hau kansa ba.

A nan ne nake ganin ƙaramin marubuci yake cutuwa. Ƙarar yaudara tana buƙatar ka nuna ka yi suna, ka kuma iya biyan lauya. Matar da ke rubutu a ɗakinta bayan ta kwantar da yara, in babban furodusa ya ga sunan littafinta ya yi masa daɗi ya ɗauka, da wuya ta samu inda za ta kama. Gobe ma ita za a ce ta kwaikwaya. Abin da ke hannunta shi ne ta adana shaidar ranar da ta fara fitar da aikinta, in da hali ta shigar da shi a rajistar hukumar.

Ƙanwata dai ba ta goge komai ba. Na ce ta amsa wa matar cikin ladabi, ta ce mata Anti, ta tura mata shafukan farko ta gani da idonta, ta kuma riƙa rubuta sunanta a ƙarƙashin sunan littafin a kowane shafi don kada masu karatu su rikice. Yanzu tana shafi na 62.