Ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara bai halatta tada nakiya ba

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disambar 2024, wanda aka ƙaƙaba a 2019 saboda matsalar tsaro, maganganu biyu ke yawo a kasuwanni da saƙonnin waya. Wasu na cewa yanzu kowa na iya fasa dutse da nakiya, wasu kuma na tsorata jama'a cewa nakiyar za ta jawo babbar girgizar ƙasa a Anka da Maru. Dukkan maganganun biyu sun kauce hanya.

Dokar Ma'adinai ta 2007 tana nan daram, kuma ta ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa yana hannun Gwamnatin Tarayya, ko da a gonar gado aka same shi. Ta shafi kamfanoni, da masu fasa dutse, da ƙananan mahaƙa. Lasisin haƙa ma bai wadatar ba, domin Dokar Abubuwan Fashewa ta 1964 ta wajabta izini na daban kafin a saya, a ajiye, ko a yi amfani da nakiya. Hukuncin da dokar 2007 ta tanada kan haƙa ba bisa ƙa'ida ba shi ne ɗaurin aƙalla shekara biyar da tarar aƙalla naira miliyan 20, abin da babban kamfani zai iya ɗauka, amma matashin da ke wanke ƙasa a kwano yana neman zinare a ƙauyen Bagega da ke Anka bai taɓa riƙe kwatankwacinsa ba. A ganina nan dokar ta yi nauyi a kan mai ƙaramin ƙarfi, alhali hanyar da ta buɗe masa, wato shiga ƙungiyar mahaƙa mai rajista, ba a yi masa bayaninta yadda ya kamata ba.

Batun girgiza kuwa yana da tushe, sai dai an zuzuta shi. Akwai tsohuwar tsagar dutse a ƙarƙashin ƙasa da ta ratsa yankin Anka zuwa Yawuri, kuma a irin waɗannan tsage-tsage ne zinare ke taruwa. Girgizar ƙasa tana farawa ne kilomita da dama a ƙasa, inda matsi ya daɗe yana taruwa har dutse ya zame, nakiyar rami kuwa illarta tana kusa: tsagewar bango, ruftawar rami, da asarar rai.

Masu baza tsoron suna kafa hujja da Mpape a Abuja, inda hukumomi suka dakatar da fasa dutse bayan motsin ƙasar watan Satumbar 2018. Dakatarwar taka-tsantsan ce, kuma tana da dalili. Idan tsaga ta zame, matsin yana raguwa a inda ya motsa, amma yana ƙaruwa a bakin tsagar biyu da wasu tsage-tsagen maƙwabta, shi ya sa wasu girgizar ke biyo baya, galibi ƙanana. A Turkiyya ranar 6 ga Fabrairun 2023, girgiza mai ƙarfin 7.8 ta auku, bayan kimanin awa tara wata mai 7.5 ta biyo a wata tsaga ta kusa. Nijeriya tana nesa da mahaɗar faifan ƙasa irin ta Turkiyya, wato inda manya-manyan ɓangarorin ɓawon duniya ke gogayya da juna, don haka abin da muke gani ƙarami ne, kamar na Kwoi da ke Jihar Kaduna a 2016. Duk da haka, idan ƙasa ta motsa a wani gari aka ce a dakata da nakiya har masana su auna, bin umarnin ya zama dole a kan mai lasisi da marar lasisi.